Kotun Yara da Kotun Manya: Inda Hanyoyin Suka Rabu, da Inda Ake Haɗe Su da Gangan

Ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da mutum 76 a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumomin da suka haɗa da cin amanar ƙasa, dukansu waɗanda aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, akasarinsu daga Kano da Kaduna. A cikinsu akwai yara kusan 30. Bayan kusan wata 3 a tsare, huɗu daga cikin waɗanda ake tuhuma suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu, kyamarori suna ɗauka, kafin la'asar kuwa fuskokinsu sun karaɗe wayoyin jama'a. Alƙali ya ba da beli a kan naira miliyan 10 kowane mutum ɗaya. Da surutu ya yi yawa, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka janye tuhumar, aka miƙa su ga gwamnonin jihohinsu.

Jama'a sun yi fushi saboda ramar da suka gani a jikin yaran, kuma sun yi gaskiya. Amma wanda ya san dokar yara ya ga wani abu bayan yunwa: kusan kowane mataki da aka bi da su, daga tsarewar zuwa ɗaukar hotonsu, mataki ne na shari'ar manya. Don a gane girman wannan, sai an fara sanin abin da ya raba hanyoyin biyu.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kotun yara ita ce dai kotun manya, sai dai ana rage hukunci saboda tausayi. Ba haka abin yake ba. Tambayar da kowace kotu take yi ita ce ta bambanta. Kotun manya tana tambaya ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin, idan ya aikata kuma mene ne hukuncin da doka ta yanka wa wannan laifi. Kotun yara ma tana fara da tambayar farko, amma da zarar ta samu amsa sai ta juya ga wata: wane ne wannan yaro, a hannun wa yake, me ya kai shi ga wannan aika-aika, kuma me za a yi masa don kada ya dawo. Duk sauran bambance-bambancen, na zaman kotu da na sirri da na hukunci, daga nan suka tsiro.

Dalilin kuwa ba baƙo ba ne ga mai karatu Musulmi. Hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da yaro har sai ya balaga, sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami, kuma a mazhabar Malikiyya, idan alamomin balaga ba su bayyana ba, mashahurin zance shi ne a jira cikar shekara 18. Shi ya sa haddi da ƙisasi ba sa hawa kan wanda bai balaga ba, sai dai ladabtarwa. Dokar zamani ta iso wuri makamancin wannan ta wata hanyar. An kafa kotun yara ta farko a birnin Chicago na Amurka a 1899, Ingila ta bi sahu a 1908, Turawan mulkin mallaka suka kawo tsarin Legas da dokar yara da matasa ta 1943, wadda irinta ta iso Arewa a 1958. Daga baya Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, aka kuma yi Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta ce yaro shi ne duk wanda bai kai shekara 18 ba. Da yake batun yara na jihohi ne, dokar ba ta aiki a jiha sai majalisarta ta yi irin tata. Kaduna ta yi a 2018, Kano sai a 2023, kowace da gyare-gyarenta.

Akwai ma shekarun da ba a maganar laifi gaba ɗaya. Sashe na 50 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya yi ba laifi ba ne, haka nan wanda ke tsakanin 7 da 12 idan hankalinsa bai kai ya gane abin da yake yi da abin da zai haifar ba. Wannan iyaka ta yi ƙasa ƙwarai idan aka kwatanta da shekara 14 da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da shawara a 2019, ko 13 da maƙwabciyarmu Nijar take aiki da ita.

Hanyoyin suna rabuwa ne tun daga caji ofis, tun kafin a ga alƙali. Baligi idan an kama shi, haƙƙinsa shi ne a gaya masa dalili, a bar shi ya ga lauya, a kai shi kotu cikin kwana 1 ko 2 gwargwadon nisan kotun, kamar yadda sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya tanada. Yaro yana da duk wannan, da ƙari. Dokar 2003 ta wajabta a sanar da iyayensa ko mai riƙonsa nan take, ta ce a duba yiwuwar sakinsa ba tare da ɓata lokaci ba, ta kuma tanadi sashe na musamman na 'yan sandan da aka horar kan sha'anin yara. Mafi muhimmanci, ta ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon kashe magana ba tare da zuwa kotu ba idan laifin ba babba ba ne, ta hanyar sulhu, ko biyan abin da aka ɓata, ko sa ido a kan yaron. Wannan shi ne abin da mai unguwa da dattawan layi suka daɗe suna yi a zaure idan yaro ya sato kazar maƙwabci ko ya fasa gilashin mota: a kira uba, a biya, a ja kunne, magana ta mutu. Bambancin kawai shi ne doka ta rubuta shi ta mai da shi zaɓin farko, ta bar gurfanarwa a matsayin abin da ake komawa gare shi idan sauran sun gagara. A shari'ar manya ma ana yin sulhu a wasu ƙananan laifuka, amma can hanya ce ta gefe, ba babbar hanya ba.

Tsarewa kafin shari'a ma haka. Babba da aka hana beli, ko ya kasa cika sharuɗɗa, gidan yari za a kai shi ajiya ya shiga sahun masu jiran shari'a, waɗanda su ne mafi rinjayen mazauna gidajen yarin Najeriya. Yaro kuwa doka ta ce ba a tsare shi sai idan babu wata mafita, kuma na ɗan gajeren lokaci iyakar iyawa, a wurin da aka keɓe wa yara, nesa da manya. Belin naira miliyan 10 ga yaron da uwarsa ke sayar da ƙosai a bakin titi sunansa beli, amma a aikace hana beli ne.

Idan aka shiga ɗakin kotun sai bambancin ya fito a ido. Kotun manya a buɗe take, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, kuma hikimar hakan a fili take: alƙalin da ya san ana kallonsa ya fi taka tsantsan. Wanda ake tuhuma yana tsaye cikin akwati, a karanta masa tuhuma, a tambaye shi ya amsa ko ya musanta, lauyoyi cikin baƙaƙen riguna su yi ta kai gwauro da kai mari da Turancin da sau da yawa ba ya ji, ɗan jarida yana gefe yana rubuta suna da unguwa. Shi wannan sashen na 36 ya ba da damar a fitar da jama'a don kare waɗanda ba su kai 18 ba, dokar 2003 kuma ta gina a kai. Ta kafa Kotun Iyali mai mataki biyu, na majistare da na babbar kotu, inda alƙali ba ya zama shi kaɗai, sai da mataimaka biyu masu sanin sha'anin yara, a matakin majistare kuma ɗaya daga cikinsu dole ta kasance mace. Ba mai shiga sai ma'aikatan kotu, da masu shari'ar da lauyoyinsu, da iyaye, da waɗanda abin ya shafa kai tsaye. Dole a bayyana wa yaron abin da ake zarginsa da shi cikin harshen da yake fahimta, a kuma bar shi ya yi magana da bakinsa. Haramun ne a wallafa sunansa ko hotonsa ko duk abin da zai sa a gane shi.

Wannan sirri ba ado ba ne, kuma a ganina shi ne ginshiƙin tsarin. A garuruwanmu suna ya fi ɗauri daɗewa. Yaron da aka nuna a talabijin tsugune gaban wuƙaƙe da ƙullin tabar wiwi, da allo a gabansa, ko da kotu ta wanke shi daga baya, ba zai samu maigidan da zai ɗauke shi koyon sana'a cikin sauƙi ba, ranar neman aurensa kuma za a samu wanda zai tuno. Don haka dokar ta ce bayanan shari'ar yaro a rufe suke, ba a kuma ɗauko su a yi masa hujja da su idan ya girma ya sake shiga wata shari'ar. Babba kuwa tarihin laifinsa yana bin sa: yana ƙara masa nauyin hukunci idan ya maimaita, yana iya hana shi aikin gwamnati, a wasu laifukan ma ya hana shi tsayawa takara na wasu shekaru.

Iyaye ma matsayinsu ya bambanta. A shari'ar babba, ubansa ɗan kallo ne, iyakarsa ya tsaya masa beli. A shari'ar yaro kuwa kotu tana iya tilasta wa uba ko mai riƙo ya halarta, tana iya sa shi ya ɗauki alkawarin kula da tarbiyyar yaron, tana ma iya ɗora masa tara ko diyyar abin da aka ɓata. Ɗan kuka dai shi ke jawo wa uwarsa jifa. Sai dai a nan akwai tambayar da dokar da aka kwaikwayo daga Ingila ba ta yi tunaninta sosai ba: almajirin da aka kama a Sabon Gari, iyayensa suna wani ƙauye mai nisan kilomita ɗari biyu, ba su da waya, malaminsa kuma yana da wasu yara tamanin, wa za a kira? Irin wannan yaro shi ya fi kowa buƙatar kariyar dokar, kuma shi ne wanda kariyar ta fi saurin zamewa daga kansa, domin ba mai zuwa bayan kanta ya ce nawa ne.

Abin da bai canza ba shi ne nauyin hujja. Yaro ma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar, yana da ikon yin shiru, yana da ikon samun lauya, kyauta idan ba shi da hali, kuma dole mai gabatar da ƙara ya kawo hujjar da ba ta bar kokwanto ba. Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin tarihi ya nuna cewa kotun da ta ce ita uwa ce ba alƙali ba tana iya yin zaluncin da kotun manya ba za ta iya ba. A 1964, a jihar Arizona ta Amurka, an zargi wani yaro ɗan shekara 15, Gerald Gault, da buga wa wata maƙwabciya wayar batsa. Ba a sanar da iyayensa lokacin kamun ba, ba lauya, matar ba ta zo kotu ba, ba a rubuta abin da aka faɗa a zaman ba, alƙali ya tura shi makarantar horo har sai ya kai shekara 21. Da babba ne ya yi wannan laifi, iyakarsa tarar dala 50 ko ɗaurin wata 2. A 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe hukuncin, ta ce yaro ma yana da haƙƙin a sanar da shi tuhuma, da samun lauya, da fuskantar masu ba da shaida a kansa, da ƙin yin furucin da zai kama shi. Darasin ya shafe mu kai tsaye. Inda aka rufe ƙofa, aka sallami 'yan jarida, aka ce ai gyara ake yi ba hukunci ba, lauya ne kaɗai idon da ya rage, kuma yawancin yaran da ke zuwa gaban majistare a Arewa ba su da shi.

Bayan an tabbatar da laifi, babba yana samun damar roƙon sassauci na 'yan mintoci, ya ce yana da iyali, ya ce wannan ne karon farko, sannan alƙali ya duba abin da kundi ya tanada ya yanke. Yaro kuwa ba a yanke komai a kansa sai jami'in jin daɗin jama'a ya je ya binciko gidansu da makarantarsa da lafiyarsa da abokan tafiyarsa ya kawo rahoto. Dokar ta hana ma a kira sakamakon da sunan hukuncin mai laifi. Kotu tana iya sallamarsa da gargaɗi, ko ta sa shi ƙarƙashin kulawar jami'i, ko ta danƙa shi ga wani ɗan'uwa nagari, ko ta ba da umarnin nasiha ko aikin al'umma ko biyan diyya, ko ta tura shi cibiyar horo. Sashe na 221 na dokar 2003 ya hana abu uku ƙarara: ɗauri a gidan yari, bulala, da hukuncin kisa. A nan akwai saɓani na gaske da wasu dokokin jihohi, na Penal Code da na Shari'a, waɗanda suka daɗe suna ba da damar yi wa yaro bulala a matsayin ladabi. Game da hukuncin kisa, tsofaffin dokoki sun tsaya a shekara 17, suka ce wanda bai kai ba a tsare shi har sai yadda gwamna ya ga dama. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗaga iyakar zuwa 18, kuma shekarun da ake dubawa su ne na ranar da aka aikata laifin, ba na ranar yanke hukunci ba.

Na san abin da mai karatu a Kano ko Kaduna zai ce, kuma ban raina shi ba. Wanda ya tare ɗan'uwanka da wuƙa a bakin lungu ya ƙwace waya ya bar shi cikin jini sau da yawa ɗan shekara 16 ne, kuma wuƙarsa ba ta fi ta babba tausayi ba. Manyan 'yan daba ma sun san amfanin tura ƙananan yara gaba. Amma dokar ba ta ce a saki irin wannan yaro ya koma gida ba. Ta ba kotu ikon tsare wanda ya aikata kisa, ko fashi, ko cin amanar ƙasa, ko mummunan rauni, na tsawon lokacin da ta ga ya dace. Abin da ta hana shi ne a zuba shi cikin ɗaki ɗaya da manyan 'yan fashi, inda zai zama yaron aikensu da rana, abin cin zarafinsu da dare, ya fito bayan shekara uku ya san sana'ar da bai sani ba da lambobin waɗanda za su ba shi aiki. Wanda aka ƙwace wa waya ba shi da wata riba a wannan.

Matsalar ita ce wuraren da doka take nufi kusan babu su. Gidajen horon matasa na gwamnatin tarayya, waɗanda dokar 1962 ta tanada don 'yan shekara 16 zuwa 21, sanannunsu guda uku ne kacal: Kaduna, Ilorin da Abeokuta, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, kusan rabinsu yara. Jihohi suna da gidajen ajiye yara, kamar na Goron Dutse a Kano, amma sun yi kaɗan, kuma jami'an jin daɗin jama'a da ya kamata su rubuta rahoton da kotu za ta dogara da shi sau da yawa ba su da ko kuɗin abin hawa.

Daga wannan ƙarancin ne aka samo dabarar da take rushe komai cikin sauƙi, wato rubuta shekaru. Ɗan sandan da ya kama yaro ɗan 15 yana da zaɓi biyu. Idan ya rubuta 15, sai ya nemo iyaye, ya nemo jami'i, ya nemo kotun da ke zaman yara, ya nemo wurin ajiya. Idan ya rubuta 18 a takardar ƙara, gobe da safe an gama, motar gidan yari ta ɗauka. Yaron ba shi da takardar haihuwa da zai musanta, domin binciken ƙasa na 2021 ya nuna cewa kashi 57 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista, kuma adadin ya fi ƙasa a karkarar Arewa. A shari'ar Abuja ma an ji ɓangaren masu gabatar da ƙara suna cewa waɗanda aka gurfanar manya ne, alhali kowa yana kallon jikinsu. Akwai kuma wata ƙofar: tsohuwar dokar yara ta ce idan an haɗa yaro da babba a tuhuma ɗaya, kotun manya ce za ta saurara, don haka saka sunan babba guda a takarda ya isa ya ja yara goma zuwa can. Laifuka irin su cin amanar ƙasa kuwa kundin tsarin mulki ya danƙa su ga Babbar Kotun Tarayya, lauyoyi kuma suna ta jayayya kan ko wannan ya shafe ikon Kotun Iyali idan wanda ake tuhuma yaro ne.

Gyaran da ya fi kusa da hannu yana wurin majistare, kuma ba ya buƙatar sabon gini. Doka ta riga ta ba kotu ikon bincikar shekarun duk wanda ta ga alamar yaro ne, ta hanyar takardun makaranta ko na asibiti, ko shaidar iyaye da mai unguwa, ko rahoton likita, ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shimfiɗa kuma ita ce idan an yi kokwanto a ɗauke shi yaro. Dokar 2015 ta kuma ɗora wa manyan majistarori ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsu aƙalla sau ɗaya a wata don duba waɗanda ke tsare. Majistaren da ya ƙi karɓar lambar da aka rubuta masa, ya ɗaga kai ya dubi wanda ke cikin akwati ya tambaye shi shekarar da ya gama firamare, yana iya mayar da shari'ar hanyar da ta dace tun a zaman farko, kafin a sa hannu a takardar kai shi ajiya.